DARASIN LAFIYA: MOTSI YA FI LAƁEWA GA IYAYE MATA

Sunan Aliero ya kai nesa a kan abu biyu, albasa da ɗori. Daga Jega, Maiyama da garuruwa masu nisa ana kawo masu karaya wajen maɗoran garin. A cikinsu akwai waɗanda babur ko mota ta kaɗe. Amma akwai kuma tsofaffi mata waɗanda santsi kawai ya kwashe a makewayi, ko suka yi tuntuɓe a bakin ƙofa, sai ga karaya. Faɗuwar da yarinya za ta tashi ta kakkaɓe zane, ita ce ke kwantar da kakarta wata da watanni. Darasin wannan wata zai bayyana dalili, da kuma abin yi.

MECE CE ZAIZAYAR ƘASHI?

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. Ginin yana fin rushewa yawa har zuwa wajen shekara 30. Idan mace ta kai shekarun ɗaukewar al'ada, galibi tsakanin 45 da 55, wani sinadarin jikinta mai suna isturojin yana raguwa. Shi ne mai tsaron ƙashi. Da ya ragu sai rushewa ta fi gini sauri, musamman a shekarun farko.

Sai ƙashi ya koma kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya lau, ciki duk ramuka. Wannan ita ce zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Ba ita ce sanyin ƙashi ba, domin ba ta ciwo sai an karye. Gidauniyar Zaizayar Ƙashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta samu irin wannan karaya. An fi karyewa a wuyan hannu, ƙugu da ƙashin baya. Alamunta su ne raguwar tsawo, ranƙwafawar baya, da karaya a ƙaramar faɗuwa.

"INNA KI ZAUNA KI HUTA"

Idan uwa ta taɓa karyewa, 'ya'ya sukan ce, "Inna, ki zauna ki huta, jikoki za su yi." Tausayi ne, amma yana da illa. Ƙashi yana riƙe ƙarfinsa ne idan yana ɗaukar nauyin jiki. Mai yini a tabarma naman ƙafafunta yana saki, tafiyarta ta koma tangaɗi, tsoro ya ƙaru. Daga nan sai ta daina zuwa suna, biki da gaisuwa, ta daina ɗan cinikinta na ƙuli-ƙuli ko daddawa. Kaɗaici ya shigo, barci ya gagara. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Motsa jiki ba zai mayar wa tsohuwa ƙashin budurci ba. Amfaninsa shi ne ya rage saurin zaizayar, ya ƙarfafa nama, ya daidaita tsayuwa. A 2019 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 108 da aka yi a kan tsofaffi fiye da 23,000, ta gano motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kusan kashi 1 cikin 4. Wadda ba ta faɗi ba kuwa haɗarin karayarta ya ragu. Ribar ita ce ta ci gaba da yin wankanta da kanta, ta je unguwa da ƙafarta.

MOTSI BIYAR MARASA WAHALA

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsi a mako, wato minti 30 sau 5. Ta ce waɗanda suka kai shekara 65 su haɗa da motsin daidaita tsayuwa da ƙarfafa nama kwana 3 ko fiye a mako. Ba a bukatar kuɗi ko fili.

1. Tafiya. A fara da minti 10 da sanyin safiya ko bayan la'asar, a riƙa ƙarawa har minti 30. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida. Saurin da ya dace shi ne wanda za ta iya hira tana tafiya.

2. Tashi da zama. Ta zauna a benci ko bakin gado mai tsayi, ba kujerar tsuguno ba. Ta miƙe, ta koma a hankali. Sau 5, daga baya sau 10.

3. Ɗage. Ta dafa bango, ta ɗaga dugaduganta, ta sauke a hankali. Sau 10.

4. Tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ta dafa bango, ta ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan, ta ƙirga 10, ta sauya. Wani ya tsaya kusa da ita.

5. Tura bango. Ta kafa tafin hannuwa a bango daidai kafaɗa, baya a miƙe, ta matsa gaba, ta turo kanta baya. Sau 10.

Sannu ba ta hana zuwa. Idan aka ji jiri, ciwon ƙirji, ko sabon ciwo mai tsanani a baya, a tsaya a je asibiti. Mai hawan jini, ciwon zuciya, ko wadda ta taɓa karyewa a ƙugu ko baya, ta fara ganin likita.

ABIN DA ZA A GUJE WA

Ƙashin baya mai rauni yana iya murƙushewa ko ba a faɗi ba. Saboda haka a guji sunkuyo da lanƙwasasshen baya don ɗaga kaya. Buhun albasa, tulu cike da ruwa da dammen itace aikin matasa ne. A ɗaura wa tsintsiya doguwar sanda. In za a ɗauki abu a ƙasa, a lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe. Ban da tsalle, ban da murɗa jiki da ƙarfi.

A gyara gida. A kankare gansakukar makewayi da damina, a ajiye tocila kusa da shimfiɗa, a daina sa silifa wanda ya suɗe. Wadda ganinta ya ragu a kai ta a duba idon.

ABINCI DA RANA

Ƙashi yana bukatar sinadarin kalsiyam. Ana samunsa a nono da kindirmo, ƙananan kifin Gulbin Zamfara da ake ci da ƙayarsu, zogale, kuka da riɗi. Jiki ba ya amfana da shi sosai sai da bitamin D, wanda fata ke yi idan rana ta taɓa ta. Don haka ɗan zama a hantsi yana da amfani.

A yi hattara da ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Wasunsu, irin su dekzametazon, suna cin ƙashi idan aka daɗe ana sha.

ƊORI DA ASIBITI

Ɗori yana haɗa wurin da ya karye ne kawai, ba ya warkar da zaizayar sauran ƙasusuwa. Wadda ta karye sau ɗaya ta fi shiga haɗarin ta biyu. Akwai magungunan da likita ke bayarwa don rage zaizayar. Idan tsohuwa ta faɗi ta kasa taka ƙafa, kada a ja ƙafar. A kai ta babban asibitin Jega, Aliero ko Maiyama, a nemi ɗaukar hoto. Karayar ƙugu galibi sai an yi aiki, ana iya tura ta Birnin Kebbi ko Sakkwato.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Me ya sa ƙashin mace ke rauni bayan ɗaukewar al'ada?
2. Kawo wurare 3 da aka fi karyewa.
3. Minti 30 sau 5, minti nawa ke nan?
4. Wane aiki ne a gidanku ya kamata a karɓe wa tsohuwa, wanne kuma ya kamata a bar mata?

Ana roƙon malamai su gwada motsin nan biyar tare da ɗalibai kafin a tashi, kowace ɗaliba kuma ta koya wa tsohuwa ɗaya a gidansu kafin fitowar jarida ta gaba.