Darasi: Kuɗin Zuba Kankare a Hanyar Cikin Gida

Damina a Jos tana da tsawo. Ruwa yakan fara a watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Garin a kan tudu yake. A unguwanni irin su Unguwar Rogo da Rikkos da Dilimi, ruwan sama yakan zaizaye tsakar gida, jar ƙasa ta zama caɓi, yara su kwaso ta har cikin ɗaki. Shi ya sa magidanta suke zuba kankare daga zaure zuwa ƙofar ɗaki, ko zuwa madafa da makewayi.

Wanda ya iya awo ya san kuɗin aikinsa tun kafin ya kira birkila.

Awo

Ka ɗauki tef ka auna tsawon hanyar da faɗinta. Faɗin ƙafa 3 ya isa mutum ya wuce ɗauke da bokiti. Kaurin kankaren ya zama inci 4. Idan mota za ta hau, sai a ƙara kauri, a sa rodi, wannan kuma wani lissafi ne dabam.

Kayan aiki

Kankare haɗin abu huɗu ne: siminti, da yashi, da tsakuwa, da ruwa. Ma'aunin da aka saba shi ne 1 da 2 da 4. Wato kwano 1 na siminti, kwano 2 na yashi, kwano 4 na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon leburori sau biyu. Saboda haka buhu ɗaya yana cin kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa, wato baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa.

Ga ƙa'idar da za ka riƙe: a hanya mai faɗin ƙafa 3 da kaurin inci 4, buhu ɗaya yana tafiyar ƙafa 5. Hanya mai tsawon ƙafa 30 tana son buhu 6, da baro 6 na yashi, da baro 12 na tsakuwa.

Yashi mai haƙori ake so. Ka damtsi kaɗan ka murza a tafin hannu. In ya bar maka jar laka, akwai ƙasa a ciki, kankaren ba zai yi ƙwari ba. Tsakuwa kuwa ba ta wuya a Jos, don gari ne mai duwatsu. Akwai ta inji, akwai wadda ake fasawa da guduma a gefen hanya. Ka tambayi kuɗin kowacce.

Lissafi

Farashin siminti ba ya tsayawa wuri ɗaya. A watan Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka daidaita a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Don haka ka tambayi dila biyu ko uku, a cikin gari ko a kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru, a ranar da za ka saya.

Ga misali don koyon lissafi. Mu ɗauka haka farashin yake:

Siminti, buhu 6 a kan 10,000: naira 60,000
Yashi, baro 6 a kan 1,500: naira 9,000
Tsakuwa, baro 12 a kan 3,000: naira 36,000
Katako da ƙusa da ruwa da dako: naira 15,000
Ladan birkila da lebura: naira 30,000
Jimla: naira 150,000

A kan jimlar nan ka ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ka iya tasowa, kamar ciko ko fasa dutse. Ya zama naira 165,000 ke nan.

Ciniki da birkila

Ga yadda wani magidanci ya yi da birkilansa.

"Maigida, aikin nan buhu goma zai ci."

"Malam, na auna. Ƙafa talatin ce, faɗi uku, kauri inci huɗu. Shida ya isa."

"To, ai sai mu yi da huɗu, mu ƙara yashi, ka sami sauƙi."

"A'a, araha ba ta ado. A bar shi shida. Faɗi ladanka kawai."

Ka sayi kayan da kanka, ka yi jingar aikin hannu. Ku rubuta abin da kuka shirya a gaban shaida. Ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe sauran sai aiki ya kammala.

Ranar aiki

A share ciyawa, a kwashe ƙasa mai taushi, a daddaɓe wurin sosai. A kafa katako a gefe biyu. A ɗan karkata hanyar yadda ruwa zai gangara waje, kada ya nufi bangon ɗaki ko gidan maƙwabci. Kada a cika wa kwaɓi ruwa, domin ruwa mai yawa yana rage ƙarfin siminti. A kowace ƙafa 5 a tsaga layi, don in kankaren zai fashe, ya fashe a nan. Kada a goge saman ya yi santsi, a ja tsintsiya a kai saboda tsofaffi da yara.

Bayan an gama, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Ƙarfinsa yana cika ne a kwana 28. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke ɗanyen siminti, iskar hunturu kuma tana busar da shi da wuri har ya tsattsage. In dole ce ta sa a yi aiki a waɗannan lokuta, a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙun buhunan algarara.

Tambayoyi

1. Buhun siminti kilo nawa ne?
2. Buhu nawa hanya mai tsawon ƙafa 20 take so?
3. Me ya sa ake ba kankare ruwa?

Aikin gida

Ka auna hanyar gidanka, ka tambayo farashin yau, ka rubuta lissafinka a littafi. Ka zo da shi aji mu duba tare.