Wa Ke Cinye 'Ya'yan Tarwada a Kududdufinka?

Wani mai kiwon kifi daga Paikon Kore, a ƙaramar hukumar Gwagwalada, ya aiko da tambaya. Ya ce ya zuba 'ya'yan tarwada a kududdufin ƙasa da farkon damina, abinci bai yanke ba, ruwa bai ɓaci ba, amma da ya ja koma bayan wata guda sai ya tarar sun ragu ƙwarai, kuma bai taɓa ganin mushe ko ɗaya yana yawo a kan ruwa ba. Yana so a gaya masa maganin da zai saya.

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Ciwo da gurɓatar ruwa suna barin gawa. Idan kifi na raguwa babu gawa, to galibi akwai mai ci, kuma kafin ka kama shi sai ka san ko wane ne.

Fara da cikin gida, domin babban mai laifi sau da yawa tarwadar ce da kanta. A kowane zubi akan sami 'yan kaɗan da suke zarce 'yan uwansu girma cikin makonni biyu zuwa uku, waɗanda masu sana'ar ke kira shuta. Da zarar bakinsu ya isa, sai su koma cin ƙannensu. Suna ƙanana sukan haɗiyi ɗan uwa ta wutsiya su yar da kai, don haka idan kana tsintar kawuna a ƙasan kududdufi, ka sami amsarka. Maganin shi ne tacewa: kowane mako ɗaya ko biyu a watannin farko, ka ware manya daban, ƙanana daban, da sassafe kafin zafin Gwagwalada ya taso. Ka kuma rarraba abinci sau huɗu ko biyar a yini, saboda yunwa ce ke tsananta wannan ɗabi'a.

Na biyu shi ne wanda ya fi ba ni takaici, don kusan ba wanda ke zarginsa: tsutsar mazari. Mazarin nan da ke shawagi a kan ruwa ƙwai yake sakawa a ciki. Tsutsarsa launin laka ce, tana kwance a ƙasa ko maƙale a jikin ciyawa, tana da leɓe mai ƙugiya da take cillawa ta cafke ɗan kifi cikin ƙiftawar ido. Takan yi watanni a ruwa tana ci kafin ta fito ta yi fiffike. Duba karan ciyawar bakin kududdufi. Idan ka ga busassun ɓawon ƙwari a maƙale, zanen da ta tuɓe ne. Ka ja raga mai ƙananan ido ta kan laka, za ka gan su da idonka. Wasu za su ce ka zuba kananzir ko man dizal a kan ruwa. Kada ka yi. Tsutsar mazari a cikin ruwa take numfashi, man ba ya kashe ta, ita kuwa tarwada sai ta leƙo sama ta shaƙi iska. Maganin ƙwarin gona ma haka, kifinka zai fara kashewa, ya kuma cutar da mutumin da zai ci kifin.

Sauran daga waje suke zuwa. Ka share bakin kududdufi da yamma, ka barbaɗa toka ko yashi mai laushi, ka dawo da asuba. Guza yakan bar sawun farata da jan wutsiya a tsakiya, maciji layi ɗaya mai lanƙwasa, zalɓe kuma dogayen yatsu da farin kashi, wani lokaci da kifin da ya soka a baya bai ɗauka ba. Da dare ka haska tocila a gefen ruwa, idanun kwaɗi za su ƙyalla. Burduddugi yana haɗiye ƙananan kifi, talibambam kuma suna cinye abincinsu, saboda haka ka riƙa kwashe ƙwan kwaɗi kowace safiya. Idan kuma daga rafi kake jawo ruwa, irin rafukan da ke gangarawa kogin Usuma, ka ɗaura raga a bakin bututu, don kifin daji kamar tufi kan shigo yana ƙarami ya girma a kan dukiyarka.

A zubi na gaba, ka zubar da ruwa duka, ka bar ƙasan ya bushe har ya tsattsage, ka watsa farar ƙasa. Bayan ka cika ruwa kada ka wuce mako guda zuwa kwana 10 ba ka zuba kifi ba, don kada ƙwari su riga ka zama. Ka rufe saman wurin renon ƙananan kifin da raga irin ta gidan sauro, ka kewaye kududdufin da kwano ko raga mai tsayin mita ɗaya, a binne gindinta cikin ƙasa. In da hali, ka reni ƙananan a tanki sai sun kai tsawon yatsa kafin su shiga kududdufin ƙasa, domin a wannan girman tsutsar mazari ba ta iya musu komai.