"Na Sha Na Ji Sauƙi" Bai Isa Hujja Ba

A aikina na harhaɗa magunguna a asibiti, maganganu biyu na fi ji a bakin taga. Wani ya ce, "Ba ni irin wanda maƙwabcina ya sha, nan take ya miƙe." Wata kuma ta ce, "Na daina shan na hawan jinin nan, kumbura min ƙafa yake." Dukansu da mutum ɗaya suka auna magani, kuma gefe ɗaya suka duba.

Mura, a sha magani ko kar a sha, cikin mako guda takan tafi. Wanda ya haɗiyi kafso ranar da ciwon ke shirin sakinsa, kafson zai yaba wa. Shi ya sa masu bincike ke tara masu ciwo iri ɗaya, su raba su gida biyu da ƙuri'a, a ba waɗannan sabon magani, waɗancan wanda aka saba, sannan a zauna a ƙirga.

Ga misalin da ya shafe mu. A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin AQUAMAT, wanda aka yi kan yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya. Rabi aka ba su kwinin, rabi atesunet. A duk yara 1,000 da suka samu kwinin, kimanin 109 sun rasu. A ɓangaren atesunet, 85. Ke nan idan aka ba yara 41 atesunet maimakon kwinin, da yardar Allah an tsirar da ƙarin rai ɗaya. Likitan da ke duba gadaje goma ba zai taɓa gane wannan da ido ba, sai da lissafi. An ƙirga illa ma: faɗuwar sukarin jini ta fi yawa a masu kwinin. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba.

Duk da haka awon bai ƙare ba. Daga baya aka lura cewa wasu da aka yi wa allurar atesunet jininsu kan ragu bayan mako ɗaya zuwa uku. Ba a janye maganin ba, domin amfaninsa ya rinjayi illarsa nesa ba kusa ba. Sai dai ana so a dawo da mara lafiya a duba jininsa.

Illar da ba ta cika faruwa ba takan kuɓuce wa gwaji, sai magani ya shiga hannun miliyoyi take bayyana. Haka aka yi da talidomaid, wanda masu juna biyu suka sha don tashin zuciya, aka haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. Dalilin ke nan a 1968 aka kafa tsarin tattara rahoton illar magunguna na duniya. A Najeriya, NAFDAC ce ke karɓar rahoton, ta takardar nan mai ruwan ɗorawa da muke cikewa, ko ta manhajar Med Safety.

Sannan awon ya danganta da mai sha. Daikulofenak na kwana uku ga saurayin da ya yi targaɗe daban yake da na kullum ga dattijo mai olsa ko ciwon ƙoda. Maganin hawan jini kuwa, illarsa ake gani, amfaninsa ba a gani, domin shanyewar ɓarin jikin da ya hana ba ta zo ba balle a gode masa. Kumburin ƙafa na amlodifin da busasshen tari na lisinofiril duk akwai wani maganin da za a canza maka.

Don haka kafin ka karɓi magani, tambayi abu uku: me zai yi min, wace illa zan sa wa ido, me zai faru in ban sha ba? In ka ga ƙuraje, kumburin leɓe ko numfashi na sarƙewa, dakata ka garzaya asibiti da kwalin a hannu. In illar mai sauƙi ce, kar ka daina a ɓoye. Zo ka faɗa mana, har da na gargajiya da kake haɗawa. Wanda kuma ya ce maka maganinsa ba shi da illa ko kaɗan, tambaye shi mutum nawa ya bi sawunsu bayan sun sha. Allah Ya ƙara mana lafiya.