Ƙyanƙyasar Ƙwai Ba Tare da Kaza Ba

Kowa ya san kaza takan yi kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe. Abin da ban sani ba sai da na yi hasara, shi ne ba ɗumi kaɗai take ba ƙwanta ba. Don haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin yadda ta kasance da ni, ko wani ya tsira da ƙwansa.

A hutun Disamba na 2023 na harhaɗa akwatin katako kamar yadda malaminmu na aikin gona ya zana mana a allo. Na sa masa ƙwan fitilar mota biyu da batir, da wata 'yar na'ura mai kashe wutar in zafi ya kai, da ƙananan ƙofofi na shan iska. Inna ta ba ni ƙwai 30 waɗanda da kasuwa za a kai su. Ta ce, "Ga su nan, amma ka sani kuɗin adashina ne."

Wajen zafi ban yi sakaci ba. Akwatin da ba shi da fanka ana riƙe shi tsakanin digiri 38 da 39 na Santigireti, a auna daidai saman ƙwan. Mai fanka kuwa 37 da rabi. Na yi wa kowane ƙwai alama da fensir, ina juya su sau uku a yini don kada ɗan tsako ya manne a gefe guda. Ruwa kuwa, na cika gwangwanin madara na ajiye a lungu, na ce shi ke nan.

Ran kwana na 21 muka ji kuka. Murna ta hana ni zama, ina ta buɗe akwatin ina nuna wa ƙannena. Amma 'yan tsaki shida kaɗai suka fito. Da muka gaji da jira na farfasa sauran. Biyar baragurbi ne. Sauran 19 kuwa 'yan tsaki ne cikakku, da gashinsu da farcensu, wasu har sun huda ɓawo, amma 'yar fatar nan ta ciki ta bushe ta naɗe su kamar fatar ganga. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Da aka koma makaranta Malam ya warware mini. Ashe ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba. Yana da dubban ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwan ciki ke fita kaɗan kaɗan. Duk wanda ya taɓa ɓare dafaffen ƙwai ya ga wani gurbi a wajen kan nan mai fāɗi. Wannan ɗakin iska ne. Gwargwadon yadda ruwa ke fita, haka ɗakin ke girma. Ana so kafin kwana na 18 ƙwai ya rage kamar kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa, watau ƙwan kazar gida mai giram 40 ya rasa wajen giram 5. A cikin wannan ɗaki ne ɗan tsako ke fara cusa baki ya shaƙi iska, sa'an nan ya sami ƙarfin fasa ɓawo. In iskar akwati ta cika bushewa, ruwa ya fita da yawa, fatar ta taurare, ya kasa juyawa. In kuma danshi ya yi yawa, ɗakin ba zai girma ba, sai ya huda ya tarar da ruwa maimakon iska, ya shaƙe.

To, ku tuna lokacin da na yi nawa. Hunturu ne, sa'ad da leɓe ke tsagewa, wanki ya bushe tun ba a gama shanya ba. A ƙasar Kano danshin iska a lokacin yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali ƙwai na bukatar 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, sa'an nan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Ga shi kuma iska in an ɗumama ta sai ta ƙara bushewa. Gwangwanina kuwa zurfi gare shi, baki ƙarami. Ba zurfin ruwa ke ba da danshi ba, fāɗin fuskarsa ne. Faranti mai ruwa kaɗan ya fi gwangwani cike, in aka jefa soso ko tsumma mai tsabta a ciki ya ƙara. Ruwan kuma ya zama mai ɗumi. Buɗe-buɗen da na yi ta yi shi ya ƙarasa su, don kowace buɗewa danshin da ya taru ficewa yake yi. Kakata da ta ji bayanin dariya ta yi. Ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka lura kajina a bayan randa suke kwanci ba?"

A hutun Agusta na 2024 na sake gwadawa da ƙwai 24, na shimfiɗa babban faranti har da soso. Saura kaɗan in sake ɓarna, don na manta damina ce, har ashana ba ta kamawa don laima. Abin da ya cece ni haskawa. Akan naɗe takarda a bakin tocila, a shiga ɗaki mai duhu, a ɗora kan ƙwan mai fāɗi a kai, sai a ga iyakar ɗakin iska, a zagaye ta da fensir. Ana yi ran kwana na 7, da na 14, da na 18. Da na haska ran na 14 sai na ga zanen bai ko gusa daga na farko ba. Nan da nan na fitar da farantin, akwatin ya zauna ba ruwa kwana huɗu. A ganina wannan zane ya fi ƙaramin ma'aunin danshi na kasuwa gaskiya, don ma'auni yakan yi kuskure.

Ran kwana na 18 na daina juyi, na mai da ruwa, na bar ƙofofin iska a buɗe, na ɗaure murfin da igiya saboda ƙannena, da ni kaina ma. Ɗan tsako yakan yi yini guda cur daga hudawa zuwa fitowa, kada a ɓare masa, don jijiyoyin jini ba su gama janyewa ba. In ya fito a bar shi ya bushe a ciki. Gwaiduwar da ta shige cikinsa ta ishe shi kwana ɗaya ko biyu ba ci.

'Yan tsaki 18 suka fito. Da suka tasa na sayar da zakaru bakwai na kai wa Inna kuɗin. Ta ƙirga, ta ɗaure a bakin zane, ta ce wannan na Agusta ne, na Disamba tana nan tana bina.