Amsoshin Tambayoyinku: Barin Nama da Maganin Kitsen Jini

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da tambaya cewa, tun da ya ƙaurace wa nama da ƙwai da nono da duk abin da ya fito daga dabba, shin zai iya ajiye maganin rage kitsen jini da likita ya ɗora shi a kai?

To, Malam, madalla da wannan tambaya. Haƙiƙa tsirrai ba su ɗauke da kolestarol, wato kitsen nan na jini, amma abin lura shi ne, galibin wanda ke gudana a jinin ɗan Adam ba daga akushi yake zuwa ba, hanta ce ke sarrafa shi dare da rana, kuma magungunan da ake kira statin, waɗanda na farkonsu ya sami izini a Amurka a 1987, aikinsu shi ne rage wa hantar wannan himma. Akwai ma waɗanda suka gaji yawan kitsen jini daga iyaye, kimanin mutum 1 cikin 250, da ko zogale da wake kaɗai suke ci, jininsu ba zai daidaita ba sai da magani. Sannan manja da man kwakwa, duk da cewa daga itace suka fito, suna ɗaga kitsen nan, alhali mai ƙosai kan yi wa kasko ambaliya da mai.

Saboda haka kada ka yanke hukunci da kanka. A auna jininka tukuna, in likita ya ga sauƙi, shi zai rage ƙwayar. Ka kuma nemi bitamin B12, domin abincin tsirrai ba ya wadatar da shi.