Ruɓar da Kashin Shanu da Tsimin Ruwa a Gonakin Madara na Jihar Kalifoniya

1.0 Gabatarwa

Jihar Kalifoniya ce kan gaba wajen samar da madara a Amurka, kuma akasarin shanunta suna kwarin San Joaquin, wanda farin 2012 zuwa 2016 ya jigata. Wannan maƙala ta dubi yadda hanyar kwashe kashin shanu take shafar ruwan yankin.

2.0 Korar Kashi da Ruwa

A yawancin manyan gonakin, ruwa ake saki ya kore kashin daga daɓen rumfar shanu zuwa wani babban tafki. Da yake iska ba ta ratsa tafkin, kashin kan fitar da iskar metan mai ɗumama yanayi. Idan kuma ruwan ya tsiyaya ƙasa, sinadarin naitiret kan gurɓata rijiyoyin da ma'aikatan gona suke sha. Dokar SB 1383 ta 2016 ta ɗora wa jihar burin rage metan da kashi 40 cikin ɗari na matakin 2013 zuwa 2030. A 2017 ma'aikatar abinci da noma ta jihar ta soma tallafa wa masu barin kora su koma kankare kashin da inji.

3.0 Ruɓarwa

Kalmar "taki" ta haɗe ɗanyen kashi da ruɓaɓɓe har da na zamani, alhali a nan bambancinsu shi ne jigon magana. Kashin da aka kankare akan cakuɗa shi da tattaka ko ɓawon almon, a jera shi dogayen kunyoyi. Ana so laimarsa ta tsaya tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari, zafinsa ya kai digiri 55 na tsawon kwana 15, a juya shi sau biyar. Da haka ƙwayoyin cuta da irin ciyawa suke mutuwa, nauyinsa ya ragu har ya ɗauku zuwa gonaki masu nisa.

Sai dai bai kamata a zuzuta tsimin ba. Ruwan kora galibi daga tafkin ake sake jawo shi, kuma mafi yawan ruwan da madara take ci yana tafiya ne wajen ban-ruwan abincin shanu, musamman alfalfa da masara. Saboda haka amfanin ruɓaɓɓen taki ya fi bayyana a gonar, inda yake ƙara wa ƙasa ƙarfin riƙe damshi, ko da yake gishirin da ke cikinsa yana iyakance yawan da za a zuba.