Hantsakin Riƙe Hanji a Ɗakin Tiyata

Idan likita ya ce sai an yi wa mutum aiki a ciki, hankalin 'yan'uwa yakan tashi. Za ka gan su jigum a ƙofar ɗakin tiyata, wannan na jan carbi, waccan na share hawaye. Yawancin tsoron nan rashin sani ne ke kawo shi. A wannan darasi za mu san abu guda daga cikin kayan aikin likitan fiɗa, wato hantsakin da yake riƙe hanji da shi. Za mu ga yadda aka ƙera shi, da yadda ake tsabtace shi a sake aiki da shi, da kuma abin da ya rataya a wuyan masu kai marar lafiya asibiti.

Me ya sa ake buɗe ciki?

A ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, akwai ciwon cikin da maganin sha da allura ba sa isar masa. Ga huɗu daga ciki.

Na ɗaya, afendis. Wani ɗan reshe ne a jikin babban hanji, a ƙasan ciki ta hannun dama. Idan ya kumbura, akan cire shi kafin ya fashe.

Na biyu, ƙaba. Hanji ne ke leƙowa ta wani wuri mai rauni a bangon ciki, yawanci a gefen mara ko a cibiya. Idan ya maƙale ya ƙi komawa, jini zai daina zuwa masa, ya ruɓe.

Na uku, toshewar hanji ko murɗewarsa. Ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba tusa, sai amai.

Na huɗu, hujewar hanji. Zazzaɓin taifod, wanda ake ɗauka ta ruwa ko abinci marar tsabta, yakan huda ƙarshen ƙaramin hanji a mako na biyu ko na uku idan ba a yi magani ba. Sai ƙazanta ta malala cikin ciki. Yara da matasa ne abin ya fi shafa.

Ba a yin irin wannan aiki a kemis, ba a yin sa a ɗakin shan magani na ƙauye. Sai asibitin da ke da ɗakin tiyata da likita da mai ba da maganin barci. A garin Daura akwai babban asibitin gwamnati, akwai kuma asibitin Sojojin Sama da aka buɗe a shekarar 2019. Aikin da ke buƙatar ƙwararru na musamman akan tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Hanji ba ya son matsi

Ƙaramin hanjin baligi ya kai kimanin mita 6, babban hanji kuwa kimanin mita ɗaya da rabi. Duka suna nannaɗe a cikin ciki. Duk wadda ta taɓa wanke hanjin rago ranar Layya ta san halinsa: ga santsi, ga laushi, farce kaɗan ya isa ya ɓula shi. Hanjin mutum ma haka yake, ga shi kuma da rai, jini na gudana a cikinsa.

Likita yana buƙatar ya ɗaga hanji, ya juya shi, ya riƙe bakin huji ya ɗinke. Yatsu sun yi kauri, suna tare wurin da ake son gani, kuma hanji yakan sulluɓe daga safar hannu. Idan kuma aka kama shi da ƙarfe mai cizo, wurin zai daddage. Bayan 'yan kwanaki naman wurin ya mutu, ya huje, ciwo ya dawo sabo. Shi ya sa aka ƙera hantsaki na musamman, mai riƙewa ba tare da ji wa hanji ciwo ba.

Yadda hantsakin yake

Ƙarafa biyu ne aka haɗa a tsakiya. A gindi akwai zobba biyu na sa yatsu. Kusa da zobban akwai makulli mai 'yan haƙora. Idan likita ya matse, sai ka ji ƙas, ya kulle. Ya ƙara matsewa, ya sake cewa ƙas. Da haka yake auna ƙarfin riƙon, kuma yana iya sakin hannu ya bar hantsakin riƙe da abin da ya kama. Tsawon wanda aka fi aiki da shi kimanin santimita 15 ne zuwa 20, akwai kuma dogaye na aiki can ciki. Da ƙarfe marar tsatsa ake ƙera shi.

Bambancin yana wajen baki. Ga iri uku, kowanne da sunan likitan da ya fito da shi:

Babcock. Bakinsa faffaɗa ne, a lanƙwashe, da taga a tsakiya, ba shi da haƙora masu kaifi. Yana rungumar hanji ne, ba ya cizo. Da shi ake ɗaga afendis da hanji. Sunan William Babcock ne, likitan Amurka da ya rayu daga 1872 zuwa 1963.

Allis. Bakinsa yana da ƙananan haƙora masu shiga juna. Riƙonsa ya fi ƙarfi, don haka an fi kama nama mai tauri da shi, ko ɓangaren da za a yanke a cire. Sunan Oscar Allis ne, shi ma likitan Amurka.

Doyen. Bakinsa dogo ne siriri mai ɗan lanƙwasuwa idan an matse. Ana gitta shi a kan hanji ya tare abin da ke ciki, kada ya zubo lokacin da ake yanka ko ɗinki. Sunan wani likitan Faransa ne.

Sanin wanda ya dace da kowane nama yana cikin abin da likita da nas ɗin tiyata suke shafe shekaru suna koyo.

Ɗan tarihi

Kayan fiɗa sun daɗe a duniya. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Musulmi na ƙasar Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta littafin At-Tasrif, ya zana kayan fiɗa kusan 200 a ciki, har da hantsuka. Amma shekaru aru-aru mutane suna mutuwa bayan aiki saboda ruɓar ciwo, ba a san dalili ba. A 1867 likita Joseph Lister na Birtaniya ya bayyana cewa idan aka tsabtace ciwo da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mace-mace na raguwa. A 1879 Charles Chamberland na Faransa ya ƙera tukunyar turara kayan aiki. A yau garin Sialkot na Fakistan da garin Tuttlingen na Jamus sun shahara wajen ƙera irin waɗannan kaya.

Ƙarfe ɗaya, mutane da yawa

Hantsaki mai kyau yana shekaru ana aiki da shi. Wanda ya riƙe hanjin wani jiya, shi zai riƙe na wani gobe. Jini kuwa yana ɗauke da cututtuka, kamar ciwon hanta da ƙanjamau. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jini. To, me ke hana cuta bin ƙarfe daga wannan zuwa wancan? Matakai shida ne, kuma ba a tsallake ko ɗaya.

1. Da an gama aiki, a buɗe makullin hantsaki, a goge jini kafin ya bushe.
2. A wanke da ruwa da sabulu na musamman. A sa buroshi a bi haƙoran baki, da mahaɗar tsakiya, da makulli, domin a nan jini ke ɓuya.
3. A ɗauraye, a busar.
4. A duba. Bakin yana haɗuwa daidai? Makulli yana riƙewa? Akwai tsatsa ko tsaguwa? Wanda ya lalace a ware shi.
5. A jera a faranti, hantsuka a buɗe don tururi ya ratsa ko'ina. A naɗe da ƙyalle ko takarda ta musamman, a manna tef, a rubuta kwanan wata.
6. A sa a tukunyar tururi da ma'aikata ke kira otokilef.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Akwai ƙwayoyin cuta masu sulke, kamar na cutar sarƙewar haƙora, da wannan zafi ba ya gamawa da su. Ita tukunyar otokilef kulle ta ake yi gam, tururi ya matsu a ciki har zafi ya kai digiri 121. Kaya su yi minti 15 zuwa 30 a haka. Wasu tukwanen suna kai digiri 134, su gama cikin 'yan mintoci.

Tef ɗin da aka manna yana da layuka marasa duhu. Idan ƙunshin ya sha tururi, layukan sai su koma baƙaƙe. Kafin nas ta buɗe ƙunshi, sai ta duba layukan, ta duba kwanan wata, ta tabbatar bai jiƙe ba, bai yage ba. Ku lura da mataki na biyu sosai. Idan wanki bai fita ba, busasshen jini yakan kare ƙwayoyin cuta daga tururi. Saboda haka mai wanke kayan tiyata, wanda marar lafiya ba ya ko ganin fuskarsa, yana riƙe da amanar rai kamar yadda likita yake riƙe da ita.

Tambaya ba laifi ba ce

Ga misalin hira tsakanin dattijon da za a yi wa jikansa aiki da nas.

"Ɗiyata, ƙarafan da za a sa masa a ciki, sababbi ne?"

"A'a, Baba. An yi aiki da su, amma an wanke an turara su."

"To ko in sayo sababbi, don hankalina ya kwanta?"

"Baba, sabon ma haka yake zuwa daga masana'anta, sai mun wanke mun turara shi kafin ya taɓa jikin mutum. Ba sabunta ce ke kare yaro ba, tsabta ce."

"Madalla. Allah Ya yi miki albarka."

"Amin, Baba. Allah Ya ba shi lafiya."

Ƙirga kaya

A kan teburin aiki akwai hantsuka da almakasai da allurai da ƙyallayen tsane jini. Kada a manta ko ɗaya a cikin mutum, sai nas biyu su ƙirga su da murya a bayyane: kafin a fara, kafin a rufe ciki, da bayan an gama. Idan lissafi bai cika ba, sai an nemo abin da ya ɓace. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da ake tabbatarwa a kowace tiyata, kuma ƙirga kaya na cikinsu.

Namu aikin

Kayan aiki komai kyansu ba sa rayar da hanjin da ya riga ya ruɓe. Wanda aka kai da wuri, sau da yawa ɗinki kaɗan ya ishe shi. Wanda aka yi jinkiri, sai an yanke wani ɓangare na hanjinsa, wani ma ba ya tashi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa.
Ciki ya yi tauri, ba ya son a taɓa.
Ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba tusa.
Amai kore.
Ƙaba ta fito ta ƙi komawa, tana zafi.
Mai dogon zazzaɓi ya kama ciwon ciki farat ɗaya.

Kada a ba shi abinci ko jiƙo ko maganin wanke ciki. Kada a yi masa tsaga ko ƙaho a ciki. A tafi da wanda zai sa hannu a takardar amincewa, da 'yan'uwan da za su iya ba da jini. A faɗa wa likita gaskiyar duk abin da marar lafiya ya sha. Bayan aiki, kada a shafa komai a kan ɗinki. Idan wurin ya kumbura, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti nan da nan.

Wannan ilimi bai tsaya a asibiti ba. Wanzami mutum ne mai daraja a garuruwanmu, shi ma da ƙarfe yake aiki a jikin mutane da yawa. Goge aska da tsumma ba ya kashe cuta. Ranar askin suna ko kaciya, a kawo sabuwar reza, mutum ɗaya reza ɗaya. Ƙarfen da dole a sake aiki da shi, a wanke da sabulu, sannan a dafa shi minti 20 daga lokacin da ruwa ya fara tafasa. Wannan bai kai otokilef ba, amma yana rage haɗari ƙwarai.

Tambayoyi

1. Faɗi cututtuka huɗu da ke sa a buɗe ciki.
2. Me ya sa ba a kama hanji da ƙarfe mai cizo?
3. Mene ne bambancin bakin Babcock da na Allis?
4. Zafin otokilef digiri nawa yake kaiwa?
5. Me baƙaƙen layuka a jikin tef suke nunawa?
6. Sau nawa ake ƙirga kaya a tiyata?

Aikin gida

Rubuta alamomi shida na ciwon cikin da ba a jira da shi, da manyan baƙaƙe. Karanta wa mutanen gidanku. A ƙasan takardar, rubuta sunan asibiti mai ɗakin tiyata da ya fi kusa da ku, da lambar wayar mai motar da za a iya kira cikin dare. Manna takardar inda kowa zai gani.